Tanti Zeinabou da Sojan Jikin Bango

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko ana zuba ruwa ko ana sanyin nan mai shiga ƙashi, za ka tarar da Tanti Zeinabou a tashar bas ta unguwarsu a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, jaka a kafaɗa, takalmin aiki a leda. Bas biyu take shiga kafin ta isa wani ƙaramin gari da ke gabas da Lyon, inda tsohon filin jirgin sama ya koma gonakin masara da rumbunan ajiye kaya. Rumfar jirgi ɗaya ce ta rage ba a rushe ba, ita mutanen garin suka mayar gidan tarihinsu. Tanti ke buɗe ƙofar. Ta kunna fitilu, ta tari ruwa a bokiti, ta fara da ɗakin gaba inda aka jera garmar shanu da injin saƙa da teburan tsohuwar makarantar garin. Daga nan ta shiga babban ɗaki, inda jirage biyu na yaƙin duniya na biyu ke tsaye sun ɗaga hanci sama kamar surukan da ba a gaisar ba. Shekara ashirin da biyu ke nan tana share musu ƙarƙashi, kuma ko kofin shayi ba ta taɓa fasawa a gidan ba.

Abin da take gogewa a ƙarshe kullum shi ne gilashin wani hoto da ke bangon arewa. Baƙin soja ne tsaye a gaban jirgi, ya dafa shebur da hannu biyu. A wannan fili aka ɗauke shi, cikin watan Satumba na 1944, kwanaki kaɗan bayan an fitar da sojojin Jamus daga Lyon. Kafin ta ɗora tsumma sai ta ce, “Ina kwana, ɗan'uwa.” Tsoho Gilbert, makanikin jirgi da ya yi ritaya yake zuwa taimako a gidan don son ransa, ya ce da farko ya zaci addu'a take yi, har yakan cire hularsa ya jira ta gama.

Shekara da shekaru abin da ke rubuce ƙarƙashin hoton kalma uku ne na Faransanci, ma'anarsu: sojan Senegal, ba a san shi ba. Haka suke kiran duk baƙin sojan da aka kwaso daga ƙasashenmu, ko daga Dosso ya fito ko daga Tahoua. Mutumin kuwa ba ɗan Senegal ba ne. Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye na Gobir da ta yi kusan shekara tamanin tana jiran labarinsa, ana ce mata ubanta gudu ya yi ya bar su. Mai shara ce ta haɗa wannan tsohuwa da ubanta. Ƙarshen watan nan za ta miƙa mabuɗi ta huta, ni kuwa na ci alwashin ba za ta fita shiru ba muddin ina da alƙalami a hannu.

Ban san ta ba sai a ƙarshen 2019. Ni Badamagare ne, aikin fassara nake yi a wata ƙungiya a Paris, gidanmu yana unguwar Belleville. A shekarar ce babbar 'yarmu Hibatullah ta samu makarantar injiniya a Villeurbanne, muka kwaso jiki muka zo ganin ɗakinta, ni da uwarta Kadidiatou da ƙanwarta Suhaila. Ranar Asabar aka wayi gari da yayyafi. Ni shawarata a zauna a sha shayi, amma a gidana shawarata ita ake ji daga ƙarshe, in ma an ji ta. Hibatullah ta ce akwai wani injin jirgi da malaminsu ya ce kowa ya je ya gani da idonsa. Sai ga mu a ƙofar gidan tarihi ƙarfe goma, mu ne baƙin farko.

Yara suka shige ƙarƙashin fiffike, tsoho Gilbert ya samu masu saurare ya saki baki. Ni ina bin takardun bango ina karantawa ɗaya bayan ɗaya, halin mai fassara. Can sai Kadidiatou ta hango wata mata tana matse tsumma a bokiti, da zane a kumatunta. Matata Bazabarma ce, Zabarmawa kuwa da Gobirawa taubasai ne, ba sa haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba. Ta ɗaga murya da Hausarta ta Yamai:

“Ikon Allah! Har nan ma bayinmu sun riga mu zuwa?”

Matar ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, “Gilbert, ferme les vitrines, rufe akwatuna. Daga jin wagga karyayyar Hausa, Bazabarma ta shigo.”

Kafin in gama jin kunya sun rungume juna suna dariya har da hawaye. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gida, ina gajiya, ina sanyi, ina labarin ƙasa. Da ta ji irin aikin da nake yi sai ta ajiye tsumma ta ce mu biyo ta. Ta tsayar da mu gaban hoton.

“Malam, kai da ka yi karatu, karanta mini wanga.”

Na gyara tabarau na karanta mata kalmomin nan uku, har da fassara.

“Ba takarda na ce ba,” in ji ta. “Huska.”

Na sake dubawa, sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Siraran layuka ne sun taso daga gefen bakin sojan sun baje zuwa kunnuwa, irin waɗanda ke kumatun matar da ke tsaye kusa da ni. Zanen Gobirci ne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Suhaila, haihuwar Paris, ta ja hannuna ta tambaya ko raunin yaƙi ne.

Tanti ta ce, “A'a, ɗiyata. C'est sa carte d'identité. Katin shaidarsa ke nan, ba a manta shi a gida, ba a sace shi a kasuwa.”

A kan bencin baƙi, ƙarƙashin fiffiken jirgi, ta ba mu labari. 'Yar Tibiri ce. Ta biyo mijinta Habibou, Allah ya jiƙansa, zuwa Faransa a 1990, lokacin yana aiki a wata masana'anta. Shekarun farko fuskarta ta zame mata kaya. A bas ana kallo a kawar da kai. Yara na tambaya ko zaki ne ya yage ta. Har ta koma shafa hoda mai kauri kafin ta fita. Ranar da ta fara aiki a gidan tarihin, a 2003, ta ɗaga kai don ta goge gilashi sai ta ga zanen gidansu yana kallonta daga bango. Ta ce nan take ta zauna a ƙasa kusa da bokiti. Tun ranar ba ta ƙara rufe zanenta ba.

Ta gaya wa shugabannin gidan cewa mutumin nan Bagobiri ne. Suka yi murmushi irin wanda ake yi wa mai shara in ta yi maganar tarihi, suka ce in akwai hujja a kawo. Da wata ce, da ta yi fushi ta bar su da kayansu. Ita sai ta roƙi Gilbert ya wanke mata kwafin hoton, ta sa a cikin jaka. A hutunta na 2016 ta kai shi zauren wani tsohon wanzami a Tibiri, Baba Mamadu, wanda ubansa ne ya yi mata nata zanen ranar suna.

Tsoho ya kai hoton bakin ƙofa inda ke da haske, ya daɗe yana ƙirgawa da farce. Sannan ya girgiza kai.

“Ɗiyata, wanga ba aikin wanzamin Gobir ba ne. Bakwai ta zamna wurin shida, shida ta zamna wurin bakwai. Wanda ya yi wanga, da ɗana ne, da na amshe mai aska.”

“Baba, ai iri guda ce da tawa.”

Ya sa ta ɗora yatsa a kuncinta ta ƙirga, sannan ya sa ta ƙirga na hoton. Gaskiyarsa ne, a juye suke. Nan ta gane abin da ya ruɗe ta. Shekara ashirin da shida a Faransa, fuskar Bagobiri ɗaya take gani kullum, tata, a madubi, madubi kuwa dama yake mayarwa hagu. Shi ya sa zanen sojan ya yi mata daidai. Wanzami ido da ido yake aiki, shi ba ya ruɗewa. Amma a zauren nan babu wanda ya kawo wa ransa ya zargi hoton. Kowa ya san mutum yakan yi ƙarya, ba a san hoto da ita ba.

Duk da haka ba ta daina ba. Gobir gidan faɗa aka ce, kuma ba duk faɗa ake yi da takobi ba. A hutun 2018 ta bi kasuwannin ƙauye, ta zauna wurin masu fura da masu ƙuli tana tambaya: wa ke da uba ko kaka da aka kai yaƙin Nasara bai dawo ba? Wata mai sayar da daddawa ce ta ce ta je Garin Labo, akwai wata tsohuwa can da duk wanda aka ce ya dawo daga Faransa sai ta aika a tambaye shi ko ya ga ubanta.

Tsohuwar ita ce Inna Halimatou. Ubanta maƙeri ne, Nomau ɗan Labo. An ɗauke shi soja a 1943, ya bar matarsa da cikin wata biyar. Yaƙi ya ƙare, waɗansu suka dawo, shi shiru. Ba takarda, ba saƙo. Sai wani ya zo da labarin wai an gan shi a bakin teku da Baturiya, ya samu duniya ya manta gida. Ba wanda ya tabbatar, amma ƙauye ba ya jiran tabbaci. Haka yarinya ta tashi, in faɗa ya haɗa ta da 'yan'uwanta a rijiya sai a ce mata ɗiyar wanda ya gudu. Uwarta ta rasu da wannan miki. Ita kuma ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, amma kalmar nan ba ta bar kunnenta ba.

Inna Halimatou ta karɓi hoton da hannu biyu. Ba ta san fuskar ubanta ba, abu ɗaya uwarta ta bar mata ta gane shi da shi. Ta duba hannuwan da ke dafe da shebur, ta daɗe, sannan ta miƙo hoton.

“Inna ta ce ƙaramin yatsa nai na hagu guntule ne, guduma ta cinye shi tun shina yaro a maƙera. Wanga ma yatsa nai guntule ne, amma na dama. Ba shi ba ne. Allah shi ba ki ladar tahiya.”

Tanti ta ce kukan da ta yi a motar komawa Maradi ba ta yi irinsa ba tun rasuwar mijinta.

Nan labarin ya tsaya a ranar da muka haɗu da ita. Kuma tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya, bari in faɗi tawa. Na gyara murya, na ce, “Tanti, ki yi haƙuri ki bar maganar nan. Wanzami ya ce a'a, tsohuwa ta ce a'a. Sojojin da aka kwasa dubbai ne, takardunsu kuma rabi sun ɓace.” Har na ƙara da waɗansu manyan kalmomi na ofis. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Malam, kun yi karatu da yawa, shi ya sa kuke saurin gajiya.”

Kadidiatou ta yi mini dariya tun daga Lyon har Paris, awa biyu cur a jirgin ƙasa.

Wata huɗu bayan haka Allah ya kawo mafita, kuma ta hanyar da mu masu digiri ba za mu taɓa bi ba. Tanti tana yi wa waɗansu gidaje biyu guga da yamma, shekara da shekaru. Mai guga kuwa hannunta ya san abin da ido ba ya lura da shi: rigar namiji ɓangaren hagu ke hawa kan na dama, ta mace akasin haka. Wata safiya tana goge gilashi, idonta ya sauka kan maɓallan rigar sojan. Ta tsaya. Ta ƙwala wa Gilbert kira.

“Gilbert, sojojinku rigar mata suka sa a yaƙi?”

Tsoho ya taso da fushi zai kare mutuncin ƙasarsa. Ya dubi maɓallan. Ya koma ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya ɗora kan farfelar jirgin da ke bayan sojan, sai ya dafe kai. Ya gaya mini da bakinsa cewa shekara talatin yana kallon farfelar nan bai lura murɗinta a juye yake ba, kuma jirgin da aka ɗaura wa irinta da baya da baya zai tashi. Suka shiga ɗakin ajiya su biyu suka yi kwana uku suna buɗe kwalaye, har suka samo asalin fim ɗin a cikin gwangwanin biskit. Ashe wanda ya wanke hoton tun shekarun baya kifa fim ɗin ya yi. Da aka sake wankewa daidai, bakwai ta koma wurinta, shida ta koma wurinta, guntun yatsa ya koma hannun hagu. Wanzami bai yi kuskure ba, tsohuwa ba ta yi kuskure ba, Tanti ma ba ta yi ba.

Ta so ta hau jirgi a makon. Sai annobar korona ta rufe hanya. Ta aika hoton ta waya zuwa ga Mutmainna, jikar Inna Halimatou, amsa ta dawo cewa yanar ido ta fara rufe idon tsohuwa, a fuskar waya haske kawai take gani. Aka gwada wankewa a birni, ya fito baƙi ƙirin, zanen ya ɓace. Duk wata sai Tanti ta kira ta tambayi ido, duk wata ana ce mata ya ƙara ja baya. Gilbert ya ce a wannan lokaci ta daina yi masa faɗa a kan man inji da yake ɗiga mata a ƙasa, a nan ya san abin ya kai mata wuya. Shi ne ya kai fim ɗin wurin wani gwani a Lyon aka faɗaɗa hoton ya kai tsawon ƙofa. Da hanya ta buɗe, a ƙarshen 2021, ta naɗe shi cikin bututun roba, ta rungume shi daga Lyon zuwa Paris, daga Paris zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Maradi. A tashar mota yaran mota suka so su ɗora shi saman kaya, ta ce sai dai a ɗora ta tare da shi.

Mutmainna ta ɗauki abin da ya faru a waya, na gani ya fi sau goma. Da hantsi ne, rana ta fito sosai. Mata biyu suka ware hoton a jikin bangon tsohuwar maƙera. An ɗauko Baba Mamadu wanzami a babur, ya tsaya ya ƙirga, ya ce, “Yanzu anka yi aska.” Aka riƙo hannun Inna Halimatou aka kawo ta. Ta matsa har hancinta na kusan taɓa takarda. Ta bi kuncin da yatsa tana ƙirgawa a hankali, ta koma ɗayan. Ta gangaro kafaɗa, ta bi hannun hagu har kan shebur, ta taɓa yatsu ɗaya bayan ɗaya. A na biyar ta tsaya. Wani dattijo a baya ya ce a dubi goshin nan a dubi nata. Ita ba ta ji shi ba. Ta ja baya kaɗan, ta gyara mayafi, ta rusuna.

“Baba, sannu da zuwa. Ka daɗe.”

Guɗar da ta tashi a wurin sai da ta sa wayar Mutmainna rawa.

Amma Tanti ta san aiki bai ƙare ba. Hoto ya nuna Nomau ya zo Faransa, bai nuna abin da ya hana shi komawa ba, masu bakin faɗa kuma suna iya cewa bayan hoton ne ya bi Baturiyar. Sai dai yanzu akwai suna, akwai gari, akwai shekara. Ta sa Gilbert gaba ya rubuta wa ma'ajiyar takardun soja, ta tsaya a kansa har ya liƙa ambulan. Wata takwas ana jira. Ranar da amsa ta zo ni ta kira, ni da na ce ta haƙura.

“Malam, yau karatunka zai yi amfani. Mayar mini da wagga takarda Hausa, irin wadda tsohuwa za ta ji.”

Takardar ta ce Nomao Labo, haka suka rubuta sunan, maƙeri, an ɗauke shi a ƙasar Maradi a 1943, alamar jiki guntun ƙaramin yatsa na hagu. Ya faɗi a fagen daga cikin duwatsun arewa maso gabashin Faransa, mako bakwai bayan an ɗauki hoton. Ga sunan maƙabartar sojoji, ga lambar kabari. Shekara ashirin ina fassara jawaban manya ban taɓa sarƙewa ba, amma wannan shafi ɗaya sai da na sake ɗaukar muryata a waya sau huɗu.

Bayan sallar Juma'a aka sa saƙon a lasifika a ƙofar masallacin Garin Labo, gari duka ya ji. Inna Halimatou ta sa aka shimfiɗa tabarmi, ta zauna karɓar gaisuwar mutuwar ubanta, shekara saba'in da takwas bayan rasuwarsa. Aka yanka rago, aka yi sadaka, malamai suka yi addu'a. Kwana uku mutane na zuwa daga ƙauyukan kewaye, har da jikokin waɗanda suka yi mata gori a rijiya. Duk wanda ya ce mata Allah ya jiƙan rai, sai ta amsa da amin, ta ƙara da cewa, “Kun ji ko? Ba gudu ya yi ba.” Mutanen garin sun ce ba su taɓa ganin zaman makoki da mai makoki ke fara'a haka ba.

Ranar takwas ga Mayu na 2023, ranar tunawa da ƙarshen yaƙin, muka sake komawa gidan tarihin ni da iyalina, wannan karon ba wanda ya ja ni. Rumfar ta cika. Ga magajin gari da ɗamararsa mai launi uku, ga tsofaffin sojoji da tutoci, ga 'yan'uwanmu bas guda daga Stains da ke gefen Paris, ga ɗalibai daga Villeurbanne, na Nijar da na Najeriya. An rufe ƙasan hoton da ƙyalle. Aka miƙa wa magajin gari igiya ya ja, Gilbert ya shiga tsakani ya ce in ba Zeinabou ce za ta ja ba shi zai tafi gida da mabuɗan jiragen duka. Ta fito cikin leshi ruwan goro, kai a ɗaure, fuska a buɗe. Ta ja. Sabon allo ya bayyana da suna, da sana'a, da gari, da ranar rasuwa. Kadidiatou ta rangaɗa guɗar da ta sa tattabarun rufin rumfar tashi, Bazabarma tana yi wa Bagobiri guɗa, abin da na tabbata kakanninta ba za su yafe mata ba. Da taro ya watse na waiga, sai ga Tanti cikin leshinta tana tsince kofunan da manyan baƙi suka zubar. Na ce yau ai ranarki ce. Ta ce ranar tata ce, amma daɓen ma nata ne.

Sunanta ba ya jikin allon. Na tambaya a ƙara, ta hana.

To, Tanti, allo ya tsere miki, wannan shafi bai tsere miki ba. Ke ce kika karanta abin da masana suka wuce shekara da shekaru ba su gani ba. Ke ce aka ce wa a'a sau biyu, ta bakin mutanen da suka fi kowa sani, kika koma bakin aikinki kika ci gaba da kallo. Ke ce kika kwashe hutunki na shekaru, lokacin da ya kamata ki miƙe ƙafa a gidanku a kawo miki fura, kika ƙarar da shi a bayan babura da motocin kasuwa saboda mutumin da ba danginki ba. Bagobira jikar Bawa, mai haƙurin dafa dutse. Ina alfahari da ke, kuma ina jin kunyar shawarar da na ba ki, duka biyun a fili nake faɗa.

Mu kuma da muke zaune a ƙasar nan, aiki ya rage mana. Tun da labarin ya bazu, ƙananan gidajen tarihi huɗu sun aiko wa Tanti hotunan sojojinsu marasa suna. Biyu ta gane ƙasarsu, biyu ta ce sai an kai gida. Yau ba a yi wa yara zane, ban kuma ce a dawo da shi ba. Amma masu iya karanta shi tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya, Baba Mamadu ma ya rasu bara. Kusan kowane ƙaramin gari a nan yana da ɗakin tarihinsa. Ranar hutu ku ɗauki iyali ku shiga. Ku bar yara su kalli jirage, ku ku kalli fuskoki. In kun ga namu ku ɗauki hoto ku aika gida tun tsofaffi na da ido. In kuma kun tarar da mai shara a ƙofa ku gaishe ta da kyau, wataƙila ta fi takardun bango sanin abin da ke ciki.

Mun gode, Tanti. Garin Labo sun gode, mu baƙin Faransa mun gode, 'ya'yanmu da suka san yanzu cewa da guminmu da jininmu a ƙasar da aka haife su sun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar ƙafa, ya saka miki da abin da ya fi.

Abu ɗaya ya rage, wanda na san ke ba za ki faɗa ba, Kadidiatou ce ta raka ki ta gani. Inna Halimatou, wadda idonta ya rufe gaba ɗaya yanzu, ta ba ki saƙo. Kika shiga jirgin ƙasa, kika shiga bas, kika taka sauran da ƙafa har maƙabartar sojojin da ke cikin duwatsu. Kika bi layi kina duba lamba har kika samu dutsen. Kika yi sallama, kika yi addu'a. Sannan kika durƙusa, kika yi magana da murya sosai, yadda ake yi wa dattijon da ya yi nisa.

“Nomau ɗan Labo, ɗiyarka ta aiko ni. Ta ce in hwaɗa maka, cikin da ka bari an sauka lahiya. Mace anka samu. Sunanta Halimatou.”